Gurbin Sana'a a Tsofaffin Takardun Ƙidaya: Yadda Ake Karanta Shi a Ƙasar Kalmalo

A tsohuwar takardar ƙidaya babu gurbin da ya kai na sana'a saurin yaudarar mai karatu. Shekaru kowa ya san kintace ne, suna kuma ko an karkata harafinsa ana gane shi. Amma da zarar ido ya faɗa kan "manomi" ko "masaƙi", sai hankali ya kwanta cewa an gano abin da mutumin yake ci da shi. Ga maigida mai zaman kansa, galibi haka ɗin ne. Ga wanda yake ƙarƙashin wani, bawa ne ko bara, almajiri ko majinyaci, ko gajiyayyen da hukuma ta ajiye, abin da aka rubuta yana iya zama aikin da ya taɓa yi da can, ko aikin da ake sa shi yanzu ko yana so ko ba ya so, ko kuma wani rukuni kawai da mai rubutu ya jefa shi ciki don lissafi ya daidaita. Duk mai neman tarihin talakawan Kalmalo, garin nan na bakin tafki a ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, sai ya iya rarrabe waɗannan kafin takarda ta yi masa amfani.

Inda matsalar ta fi fitowa fili shi ne Ingila, domin can ne aka tara matalauta a gida ɗaya aka kuma rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Dokar matalauta ta 1834 ta haɗa unguwannin coci rukuni-rukuni, kowane rukuni da gidan aikin matalauta nasa. Wanda ya rasa abin kai wa baki sai ya shiga, a raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya, a ba shi tufafin gida, ya biya abincinsa da aiki: fasa dutse, warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa, wanki, girki, shara. Da gangan aka tsananta zaman, don kada mai sauran ƙarfi ya yi sha'awar shiga. Daga 1841 ƙidayar da ake yi duk shekara goma ta fara ɗaukar sunan kowa, daga 1851 kuma aka ƙara gurbin da ke nuna dangantakar mutum da shugaban gida. A manyan gidajen matalauta shugaban gidan ne yake cike littafin da kansa.

Wanda ya buɗe irin wannan shafi zai tarar da ma'aikata a sama: shugaba, uwargidan da ke kula da ɓangaren mata, mai gadin ƙofa, malamin makaranta, mai jinya. Ƙarƙashinsu sai jerin mazauna. A ce an ga tsoho mai shekara 74 an rubuta masa leburan gona. Ba gona yake zuwa ba, wataƙila ma ya shekara goma bai riƙe fartanya ba. Umarnin hukumar ƙidaya shi ne a rubuta wa matalauci sana'arsa ta da, wani shugaban ya ƙara kalmar da ke nuna "a da", wani bai damu ba. Wani kuma ya zuba "matalauci" daga saman shafi har ƙasa, wani ya bar gurbin fayau, a wasu gidajen ma haruffan farko na suna kaɗai aka sa. Mace da aka rubuta wa "mai wanki" tana iya zama wadda ta yi sana'ar a waje, tana iya zama wadda aka tura ɗakin wankin gidan. "Mai jinya" ta fi rikitarwa, don akwai ta albashi, akwai kuma matalauciyar da aka ɗora wa kula da 'yan uwanta marasa lafiya ba ko kwabo. Gurbin dangantaka ne ke raba gardama: ma'aikaciya ce ko mazauniya.

Ga kuma batun lokaci. Ƙidayar hoton dare ɗaya ce. Matafiyin da ya kwana a ɗakin baƙi, da matar da ta zo haihuwa, da tsohon da zai mutu a gidan, duk shafi ɗaya ya haɗa su. Charlie Chaplin, ɗan wasan barkwancin nan, ya shiga gidan matalauta a 1896 yana da shekara 7. Ƙidayar 1891 ta riga shigarsa, ta 1901 ta tarar ya fita. Shi ya sa masu bincike a can ba sa tsayawa kan ƙidaya, sai sun haɗa da rajistar shiga da fita ta gidan.

A ƙasar Sakkwato ba a taɓa gina irin wannan gida ba. Talauci kam akwai shi, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 kaɗai ta isa shaida. Bambancin shi ne gajiyayye a nan cikin jama'a yake narkewa. Zakka da sadaka suna riƙe wasu, dangi suna riƙe wasu, wani ya shiga barantaka gidan mai hali, yaro ya bi malami, makafi da guragu da kutare suna da unguwanninsu da sarakunansu a manyan garuruwa. Saboda haka mutanen da littafin Ingila ya jera a shafi guda, a nan sun warwatsu cikin gidaje, kuma mafi yawansu ba su da layi nasu a takarda. Suna ɓoye ne cikin adadin da aka rubuta gaban sunan wani.

Takardun da kansu daga haraji suka fito. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, kuma abin da ya fi damun gwamnatin Gwamna Lugga bayan tsaro shi ne kuɗin shiga. Dokar haraji ta 1906 ta nemi a narkar da tsofaffin kuɗaɗen da ake karɓa su koma abu ɗaya da aka ƙiyasta bisa dukiyar kowace gunduma, ga jangali a gefe. A Kano an saba da kuɗin ƙasa da kuɗin rafi da kuɗin karofi tun kafin Turawa, amma mutanen kewayen Sakkwato zakka suka sani, don haka ƙirgar ta zo musu baƙuwa, kuma ba su yi mata kyakkyawan zato ba. Yankin Kalmalo a lokacin yana cikin ƙasar Gwadabawa, wadda Marafa Muhammadu Maiturare ya raya da zaunar da jama'a kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915.

Yadda ake yin aikin shi ne abin lura. Baturen da aka tura ƙiyasi yakan sauka a gari tare da tafinta da wakilin uban ƙasa da malamin da ke rubutu. A kira hakimi da masu unguwanni, masu gidaje su taru a ƙofar fada ko gindin bishiya, a dinga tambaya: maza nawa, mata nawa, yara nawa, shanu, tumaki, jakuna, rumbu nawa, wa ke saƙa, wa ke ƙira. Amsa ta fito daga bakin maigida da Hausa, ko da Fulatanci, ko da harshen Buzaye, malami ya kama ta da ajami ko Larabci, daga baya da boko bayan makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, ta fara yaye malamai, sannan Bature ya mayar da ita Turanci a jadawali. Hannu uku ke nan tsakanin mutum da kalmar da ta wakilce shi, kuma mutumin da ake magana a kansa sau da yawa ba ya wurin. Ba a shiga cikin gida. Abin da maigida bai faɗa ba, bai shiga takarda ba.

Maigida kuwa yana da dalilin yin rowar magana. Rahoton ƙiyasi yakan jera masu sana'a, masaƙa, maƙera, marina, majema, dukawa, mahauta, wanzamai, makaɗa, dillalai, fatake, a kuma kintata abin da kowane rukuni ke samu a shekara, domin a san nauyin da za a ɗora. Wanda ya amsa cewa shi marini ne ya ƙara wa kansa kaya. Don haka yawan manoma a jadawali ba hujja ba ce cewa sana'o'in hannu sun yi ƙaranci. M. G. Smith, a bincikensa na ƙasar Zazzau da ya fito a 1955, ya nuna yadda Bahaushe ke haɗa noma da wata sana'a ko biyu, alhali gurbin takarda ɗaya yake ɗauka.

A Kalmalo wannan ya fi tsanani saboda tafki. Ruwan gulbin Majiya da ke gangarowa daga ƙasar Adar a nan yake kwanciya, rayuwar gari kuma tana bin cikarsa da janyewarsa. Mutum guda yana noman gero da damina, ya shiga su lokacin da tafki ya cika, ya bi laka da shukar fadama idan ruwa ya ja baya, da rani ya ɗora kaya a jaki zuwa kasuwa. Wace ce sana'arsa? Amsar tana ga watan da mai ƙirga ya iso. Yawancin rangadi da rani ake yinsa, lokacin da hanya ta bushe, kuma lokacin ne majiya ƙarfi suka tafi cin rani, wasu Kurmi, wasu Gwanja, wasu haƙar kuza a Jos. Ƙirgar 'yan cin rani da aka yi a lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, wadda R. Mansell Prothero ya nazarta, ta nuna girman wannan fita, ta kuma nuna cewa da yawa daga masu wucewa daga yankin da Faransa ke mulka suka sauko. Mai karatu na yau, wanda ya san tafkin bayan farin shekarun 1970 da 1980 da madatsun da aka gina a kan Majiya a ɓangaren Nijar, yana iya mamakin ganin an ambaci masunta a tsohon rahoto. Bai kamata ya auna ruwan jiya da na yau ba.

Iyaka ta ƙara nata ruɗanin. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta ba Ingila abin da ke ciki; ta 1904 da ta 1906 suka janyo layin kudu domin Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram, aka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Birnin Ƙwanni ya faɗa can, Kalmalo ya rage nan. Faransawa harajin kai suke karɓa, lanho, kuma suna ɗibar mutane aikin tilas har zuwa 1946. Adarawa da Buzaye da sauran jama'a sun yi ta tsallakowa idan kumandan ya matsa, wasu su koma idan abu ya lafa. Wanda aka rubuta "baƙo" ko "lebura" a wannan gefen yana iya zama mai gona da rumbu a wancan, tafiyar safiya ɗaya. Wani an ƙirga shi sau biyu, wani ya kuɓuce wa littattafan duka biyu, kuma na biyun shi ya fi jin ya ci riba.

Batun bayi ne ya fi kama da na gidan matalauta, kuma shi ne takarda ta fi yin shiru a kansa. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa bayin daular Sakkwato wajen 1900 sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5. Sanarwar 1901 ta soke matsayin bauta a gaban kotunan gwamnati ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta kori kowa daga gidan ubangijinsa ba. Sai a 1936 aka haramta bautar gaba ɗaya. Shekara 35 ke nan mutane suna zaune a matsayin da gwamnati ba ta son rubutawa. To me aka rubuta musu? Bawan da ke noma a gandu ko rinji manomi ne a jadawali, daidai da ubangijinsa. Wanda ke biyan murgu, wato yana aikin kansa yana kai wa ubangiji wani abu a kan lokaci, zai fito da sunan sana'arsa, masaƙi ko ɗan dako, ba abin da zai nuna cewa rabin guminsa na wani ne. Kuyanga da ƙwarƙwara sun shiga adadin "mata". Bawan sarki mai doki da riga kuwa yana iya fitowa a jerin ma'aikatan En'e. Kalma ɗaya ta rufe mai gandu da mai yi masa bauta, kuma ba za a ce malamin ya yi ƙarya ba. Ba a ba shi gurbin da zai rubuta gaskiyar ba ne.

Inda ake ganin waɗannan mutane da sunayensu shi ne rajistar 'yanta bayi da littattafan kotun alƙali, inda aka rubuta fansa da kuɗin da aka biya da abin da ya biyo baya: an mayar wa dangi, an aurar, an bar shi ya kama gabansa. Nan ma sai da lura. "An aurar" sau da yawa yana nufin wani namiji ya biya fansar mace ta koma gidansa, abin da ba lallai ya bambanta da tsohon ciniki ba sai a suna. Yaran da aka ƙwato daga masu fataucin bayi ba a san danginsu ba, gwamnati ta tara su a gidan 'yantattun bayi na Zungeru da wani a Borno, ana koya musu wanki da ɗinki da aikin hannu, wasu a ba da su aikin gida. A 1909 aka mayar da yaran Zungeru hannun 'yan mishan a Rumasha. Wannan shi ne abu mafi kusa da gidan aikin matalauta da Arewa ta gani, kuma ƙa'idar karatun ɗaya ce: sana'ar da ke gaban sunan yarinya a irin wannan rajista hukuma ce ta zaɓa mata.

Haka zancen yake ga sansanonin kutare, Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, waɗanda mishan ɗin SIM ya karɓi gudanar da su a ƙarshen shekarun 1930. Mazauna suna noma a filin sansani, wasu suna taimakon masu magani. Manomin da aka rubuta a can yana iya zama tsohon mahauci ko malami da ciwo ya raba da sana'arsa.

A cikin gari kuwa, "makaho", "kuturu", "gurgu", "tsoho" idan sun bayyana a jerin haraji, ma'anarsu ta farko ita ce an ɗauke wa mutum biya. Ba su ce ba ya aiki ba. Makafin ƙasar Hausa sun shahara da tuƙar igiya, bara kuma a wurinsu tsari ne mai shugabanci da rabo, ba yawon banza ba, kamar yadda John Iliffe ya bayyana a littafinsa na 1987 kan matalautan Afirka. Akwai kuma ɗaya gefen: tunda naƙasa tana sauke haraji, ba mamaki mai unguwa ya tsufar da wani ƙaninsa a takarda. Almajirai sukan faɗa cikin yaran gidan malam, ko da gardawa ne masu gemu da ke noma masa gona suna ɗinkin hula.

Mata su ne babbar asara. Kaɗi, daka, fura, man gyaɗa, kitso, ungozomanci, saƙar faifai, duk a bayan katanga ake yinsu, yara ke kai talla. Zaren da masaƙin jadawali ke saƙawa mace ce ta kaɗa shi, amma shi aka rubuta. Polly Hill, a aikinta na Batagarawa da ya fito a 1972, ta nuna yawan cinikin da ke gudana daga gida zuwa gida a hannun matan kulle. Gurbin da aka bari fayau gaban mace yana nuna iyakar inda mai ƙirga ya tsaya, wato zaure.

Ƙidayoyin ƙasa ba su gyara wannan ba. Ta 1911 galibinta ƙiyasi ce. Ta 1921, wadda C. K. Meek ya tattara sakamakonta na Arewa ya buga a 1925, ta dogara ƙwarai da alƙaluman haraji. Ta 1931 ta zo cikin karayar tattalin arzikin duniya da farin ɗango, ga tsoron abin da ya faru a Aba a 1929, inda ƙirga ta tayar da boren mata. Saboda haka wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka kaɗai aka bi gida-gida a Arewa. Ta 1952 ce ta fara kama da ƙidaya ta gaske, ta ba Jihar Arewa mutum miliyan 16.8, amma ta matse sana'o'i cikin 'yan rukunoni masu faɗi: noma da su, sana'ar hannu, ciniki da aikin ofis, aikin mulki, sai "sauransu". Masuncin Kalmalo da manomin gero a nan sun zama abu ɗaya, gajiyayyu kuma sun nitse cikin rukunin ƙarshe. Abin da aka buga jimloli ne na gari da gunduma. Ɗan Ingila yana iya nemo kakan kakansa da suna a ƙidayar 1881, har ma ta 1921 da aka buɗe wa jama'a a 2022. Ɗan Kalmalo ba zai samu haka a littattafan ƙidayar zamanin Turawa ba.

Abin da zai samu ya isa aiki idan ya san yadda zai bi. Fayilolin lardin Sakkwato suna gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai ƙari a Arewa House da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, na ɓangaren Ƙwanni kuma suna Yamai. Kowace takarda ya ɗauka, ya fara duba wanda ya rubuta ta, da dalilin rubutun, da watan da aka yi shi, kafin ya duba abin da ta ce. Ya gwada rahoton shekara ɗaya da na wata: idan masaƙan gari sun ragu da rabi cikin shekara uku, ya binciki ko an sauya kuɗin da ake ɗora musu kafin ya ce sana'a ta mutu. Ya karanta bayanin da Baturen ya rubuta gaban jadawali, don can ne wani lokaci yake faɗin abin da lambobi suka haɗiye. Ya lura da sunayen wurare, irin su Runjin Sambo a cikin Sakkwato, da duk wata tunga ko gandu, domin suna riƙe da labarin waɗanda suka yi aikin ƙasar. Zancen asalin bauta kuma a taɓa shi da ladabi, jikokin mutanen suna raye, kuma ba kowa ke son a tona ba.

Sauran aikin a bakin dattawa yake, su ne za su ce wane da aka rubuta manomi a gaskiya masunci ne, wance da ba a rubuta ba ita ke ciyar da gida da kaɗi. Yaron da yake da shekara 10 lokacin ƙidayar 1952 yau ya haura 80. Ɗaliban tarihi na Sakkwato da malaman makarantun Illela da Kalmalo su je su zauna da irinsu da na'urar ɗaukar murya, su kuma ɗauki hoton tsofaffin rasiɗan haraji da ke cikin adakokin gidajen hakimai kafin gara ta gama da su.